Ga Ruwa a Ƙofar Gida: Sharhi Kan Zaɓen Famfon Sola a Bakin Tafki

Wanda ya gina ɗan gida a bakin dam, ko gidan gona ne ko wurin da iyali za su riƙa zuwa hutu, yakan ɗauka ya gama da maganar ruwa. Ga shi nan shimfiɗe a gabansa iya ganin ido. Sai an tare ake tuna cewa gani ba ci ba. Tsakanin bakin tafki da randar tsakar gida akwai hawa, akwai tafiya, kuma tun da daɗewa yara da jaki ko injin fetur ne suke cike wannan tazarar. Daga ranar 29 ga Mayun 2023 da aka cire tallafin mai, litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta wuce 1,000. Shi ya sa duk wanda ke da fili a bakin Tiga, Challawa, Bakolori ko Dadin Kowa ya koma tambayar famfon sola.

Tambayar da aka fi yi ita ce, wane iri ne mai kyau, kuma mai doki nawa? A ganina wannan ita ce tambayar da ya kamata a bari sai ƙarshe. Kafin a taka shago, tafkin ne zai faɗa wa mutum irin famfon da zai saya, kuma ba ya faɗar gaskiya sai a ƙarshen bazara.

Bari mu ɗauki Tiga. An gina dam ɗin a kan Kogin Kano tsakanin 1971 da 1974, zamanin Gwamna Audu Baƙo, kuma babban aikinsa shi ne shayar da gonakin rani na Kadawa, Kura, Bunkure da Garun Malam. Ma'ana, ruwan da aka tara da damina sakinsa ake yi da rani, ga rana tana shan nata rabon. Wanda ya ga bakin ruwan a watan Oktoba, yana lasar gindin bishiyoyi, in ya dawo a watan Mayu zai tarar da fage, taɓo ya bushe ya tsattsage, shanu suna kiwo a inda kwale-kwale ke wucewa a da. Inda gaɓar take da gangara a hankali, sauka kaɗan a zurfin ruwa takan janye bakinsa da tafiya mai nisa. Yawancin masu sayen famfo kuwa bayan damina suke saye, lokacin da aka girbe amfani, kuɗi ya shigo, tafki ya cika maƙil. Da ruwan Oktoba ake yin lissafi, ruwan Mayu ya zo ya ƙaryata shi.

Gwamnati ma ta taɓa faɗawa wannan ramin. Aikin noman rani na kudancin Tafkin Chadi, wanda aka ƙaddamar a 1979 a yankin Marte, an tsara shi ne don ya shayar da hekta kusan 67,000, aka haƙa magudana, aka kafa manyan injina a Kirenowa. Tafkin da ya kai faɗin murabba'in kilomita 25,000 a farkon shekarun 1960 ya janye saboda fari a shekarun 1970 da 1980, ya bar bakin magudanar a bushe. Injinan ba su da laifi ko kaɗan. Ruwan ne bai tsaya inda aka zata ba. Don haka abu na farko da mai gida zai yi shi ne ya zauna da masunta da dattawan ƙauyen, su nuna masa da hannu inda ruwa ya taɓa tsayawa a shekarar da ya fi janyewa, da inda ya taɓa kaiwa a shekarar ambaliya. Wuri na farko shi zai nuna tsawon bututu. Na biyu shi zai nuna inda ba za a kuskura a kafa farantin sola ba.

Sai yawan ruwan da ake buƙata. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ɗaukar lita 50 zuwa 100 a matsayin abin da zai wadaci mutum ɗaya a rana, sha da girki da wanka da wanki. Gidan mutum takwas, in an ba kowa lita 60, bai kai lita 500 ba. Sa guda yakan sha lita 30 zuwa 40 a ranar zafi, tunkiya ko akuya wajen lita 5. Duk waɗannan ƙananan alhaki ne. Mai cin ruwa shi ne lambu. Da rani a ƙasarmu, kowane murabba'in mita na tumatir ko albasa yana neman lita 6 zuwa 8 a kullum, don haka ɗan lambu mai mita 10 a faɗi, 20 a tsawo, zai sha kusan lita 1,400, wato ninki uku na abin da mutanen gidan gaba ɗaya za su yi amfani da shi. Hekta guda kuwa lita 60,000 zuwa 80,000 take nema, wannan kuma wani babi ne daban, famfon gida ba ya shiga cikinsa. Na sha ganin an sayi famfo da sunan ruwan gida, bayan wata biyu a dasa mangwaro da ayaba, a kawo shanun kiwo, sannan a ce sola ba ta da ƙarfi. Gara mutum ya faɗa wa kansa gaskiya tun farko game da abin da yake niyyar shukawa.

Mu ce gidan namu, da mutanensa da dabbobinsa da ɗan lambunsa, yana neman lita 2,000 a rana. Abu na gaba shi ne tsayin da za a ɗaga ruwan, kuma a nan ne aka fi ruɗewa. Nisan tafiya a kwance daban, hawa daban. Hawa ana auna shi ne daga saman ruwan bazara zuwa bakin tanki. In tsakar gida ta ɗara ruwan Mayu da mita 12, aka ɗora tanki a kan ƙarfe har bakinsa ya kai mita 6, hawan ya zama mita 18. Ba sai an kira safiyo ba: doguwar tiyo mai haske da aka cika da ruwa, irin wadda magina ke daidaita gini da ita, da sanda mai awo, sun isa a bi gangarar daki-daki a tara jimla.

Nisan kwance kuma ta wajen bututu yake cin mutum. Ruwa yana gogar cikin bututu, kuma iya ƙanƙantar bututun iya wahalar da famfo zai sha. In za a tura lita 400 a awa ta cikin bututun inci ɗaya mai tsawon mita 200, abin da gugar za ta ƙara wa famfo bai kai hawan mita ɗaya ba. In aka yi tsimi aka sa rabin inci, ƙarin zai iya kai mita 10 ko ya wuce. Wato an ƙara wa famfo rabin aikinsa don a rage kuɗin roba. Araha ba ta ado, kuma a duk harkar nan babu inda maganar ta fi zama daidai kamar a kan bututu. Famfo ana iya canza shi da rana ɗaya, amma bututun da aka binne sai an sake tono.

Da waɗannan lambobi biyu, lita 2,000 da hawan mita 20 in an haɗa da guga, lissafin wuta ya zama mai sauƙi, kuma sakamakonsa yakan ba mutane mamaki. Ɗaga lita 1,000 zuwa mita ɗaya yana cin wutar da ba ta kai wat 3 na awa guda ba. Aikin gidan namu duka kusan wat 110 ne na awa guda. Ko da kashi biyu cikin uku na wutar ya salwanta a cikin mota da waya da zafi, ba a wuce 350 ba. Faranti ɗaya mai wat 300, a ranar da gari ya yi garau a arewacin Najeriya ko kudancin Nijar, yana ba da fiye da ninki uku na haka. Ƙaramin gida ba ya buƙatar famfo mai doki biyu da faranti goma. Dalilin da ya sa ake ƙara faranti shi ne don ranakun da ba na garau ba: hazon hunturu daga Disamba zuwa Fabrairu, markar Agusta, da zafin Afrilu, domin faranti yana rage ƙarfi in ya yi zafi, kuma da tsakar rana yakan yi zafin da hannu ba zai jure ba. Akwai kuma maganar ƙarfin turin wuta. Kowane famfo yana da adadin bolt ɗin da yake tashi da shi, wani 24, wani 48, wani 72 ko sama, shi ya sa sau da yawa sai an jera faranti biyu ko uku a layi ɗaya ko da wat ɗin guda ya isa.

Wanda ya saba da injin fetur mai inci uku sai ya yi haƙuri a nan. Wancan yana cika duro kafin ka gama gaisawa da maƙwabci. Famfon sola na gida, mai lita 400 a awa, minti uku yake ɗauka kafin ya cika jarkar lita 20. Ranar farko mutum zai tsaya yana kallon ɗan siririn ruwan yana jin an cuce shi. Amma daga hantsi zuwa la'asar ba ya tsayawa, ba ya neman mai, ba ya neman wanda zai ja igiya, kuma kafin rana ta yi sanyi tanki ya cika.

Yanzu ne za a zo kan famfon kansa. Iri biyu ne a dunƙule: wanda yake zaune a tudu yana zuƙo ruwa, da wanda ake nutsawa a ciki yana turowa, wato sumo. Na tudu ya fi sauƙin gyara, ana ganinsa, ana iya ɗauke shi a shigar ɗaki da dare. Sai dai zuƙa tana da iyakar da babu kamfanin da zai ƙetare ta, domin nauyin iskar sama ne yake tura ruwan cikin bututu, kuma iyakarsa kusan mita 10 ne a lissafi, a aikace kuwa 6 zuwa 7. Famfon Futurepump SF2, wanda aka ƙera don ƙananan manoma, mita 7 yake zuƙa, hawansa duka kuma mita 15. Ga mai lambu a fadama wannan ya wadatar, amma ga gidanmu mai mita 20 bai isa ba. Bayan haka, bututun zuƙa ba ya son huda ko kaɗan. In iska ta samu hanyar shiga ta mahaɗi ɗaya, famfon zai yi ta juyi a banza, kamar mai zuƙar ruwa da karan da ya huje. A bakin tafkin da ke janyewa kuma, dole a riƙa bin ruwan da famfo da faranti duk bayan 'yan makonni.

Sumo ba shi da wannan matsalar, tunda turowa yake yi. Shi ma kashi biyu ne. Akwai mai murɗaɗɗen ƙarfe da ke juyawa a cikin roba, wanda yake ba da ruwa kaɗan amma yana hawa sosai, kuma yana fara aiki tun rana ba ta yi ƙarfi ba. Akwai mai jerin fanka-fanka a ciki, wanda yake ba da ruwa da yawa a gajeren hawa, amma sai ya samu gudu sosai kafin ruwa ya kai sama, don haka da safe da yamma yakan yi ta juyi ba tare da ɗigo ya isa tanki ba. Ga gida mai neman lita dubu biyu ko uku, na farkon ya fi dacewa. Abokin gabarsa ɗaya ne, rairayi. Kamfanin Grundfos na ƙasar Denmak, mai yin SQFlex, ya ƙayyade cewa kada yashin da ke cikin ruwa ya wuce giram 50 a kowace lita 1,000. Duk wanda ya ga ruwan dam a watan Yuli, ja wur da laka bayan kwari sun zubo, ya san an wuce wannan nesa ba kusa ba.

Wannan ne ya kawo ni ga abin da na fi ba ƙarfi a sharhin nan. In ƙasar wurin ta yarda, kada a jefa famfo cikin tafki. A haƙa rijiya ko gajeriyar burtsatse irin ta 'yan fadama a tudu, mita 20 ko 30 daga inda ruwa yake kaiwa in ya cika, a sa sumo a ciki. Inda gaɓar take da yashi da tsakuwa, ruwan tafkin ne yake tsattsafowa ta ƙarƙashi, ƙasa ta tace shi a hanya. Laka ta ragu, babu gansakuka, babu kainuwa ko kacalla da za su toshe raga, babu komar masunci da za ta harɗe waya, famfo kuma yana cikin rijiya mai murfi da kwaɗo. Lokacin haƙa shi ne Afrilu ko Mayu, sa'ad da ruwan ƙasa ya kai ƙarshen saukarsa, sannan a ƙara zurfi bayan an same shi. A nisanta ta da masai da aƙalla mita 30.

Ba ko'ina wannan dabarar take ci ba. Ƙasar Tiga da kewaye akwai dutse a ƙarƙashi, wani wurin kuma yumɓu ne da ba ya barin ruwa ya ratsa. In dole sai daga tafkin, to a rataye famfon a jikin duro biyu na roba masu iyo, a ɗaure su da anga, ya zauna rabin mita zuwa mita ɗaya ƙasa da saman ruwa, nesa da taɓon ƙasa. A zura shi cikin babban bututun roba mai buɗaɗɗen gindi domin ruwa ya riƙa bi ta jikin motar yana sanyaya ta, tunda an ƙera shi ne don matsattsiyar burtsatse, a fili kuma zafi yake yi. A kewaye shi da raga. Dokar ruwa ta Najeriya ta 1993 ta ba kowa damar ɗibar ruwan amfanin gida da shayar da dabbobi kyauta daga inda jama'a ke da izinin zuwa, amma kafa abu na dindindin a cikin dam ya kamata a sanar da hukumar da ke kula da shi, wadda a Tiga da Challawa ita ce Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are.

Akwai dalili na biyu da ya sa na fifita rijiya, kuma ya fi maganar laka nauyi. Tsayayyen ruwa mai ciyayi gidan dodon koɗi ne, dodon koɗi kuma shi ke rainon ƙwayar tsargiya. Ba sai an sha ba, ta fata take shiga, lokacin wanka ko wanki ko alwala. Ƙauyukan bakin dam sun san ta sarai, har wasu iyaye sun ɗauki fitsarin jini a matsayin abin da kowane yaro yake yi yana girma, alhali cuta ce mai lalata mafitsara da hanta a hankali, kuma tana da magani. Famfon da ya ɗebo ruwan tafki kai tsaye zuwa banɗaki ya kawo ta har gida. Sa'ar da aka yi, ƙwayar ba ta daɗewa in ba ta samu jikin mutum ba. Ruwan da ya kwana biyu a tanki ba tare da an ƙara sabo ba ya kuɓuta daga gare ta. Saboda haka mai ɗiba daga tafki ya sa tanki biyu, ɗaya yana cika ɗaya yana hutawa. Wannan na wanka ne kawai. Ruwan sha, ko daga rijiyar ne, sai an kwantar da shi da alif in ya yi gurɓi, a tace, a tafasa ko a sa sinadarin kilorin.

Maganar tanki ita ce amsar maganar batir. Mai shago zai ce ai da dare ba rana, a ɗauki batir. Amma abin da ake so da dare ruwa ne, kuma ruwa yana ajiyuwa. Tankin da zai ɗauki buƙatar kwana biyu ko uku ya isa ya ratsa da gida ta cikin marka. Batirin ruwa kuwa zafin ƙasarmu yana gajarta masa kwana, shi ne abu na farko da zai mutu a duk haɗin, shi ne kuma ɓarawo ya fi so. Famfon da ke karɓar wuta kai tsaye daga faranti ta hanyar ɗan akwatinsa mai daidaita gudu ya fi kwanciyar hankali. Wanda gidansa yake da babbar sola da inbata tun da farko yana iya sa sumo na wutar gida, amma ya tuna cewa irinsa yana fizgar wuta ninki uku ko fiye a lokacin tashi. A kuma kula da nauyi: lita 1,000 tan guda ce, tankin lita 3,000 a kan siraran ƙarafa haɗari ne ga yaran da ke wasa a ƙarƙashi. Ruwan lambu ma ba shi da dalilin hawa sama. A yi masa kwatarniyar siminti a ƙasa, a bar na sama ga ɗaki da madafa.

Sauran ƙananan abubuwa ba su da tsada, amma su ke raba famfon shekara ɗaya da na shekara goma. Na'urar da ke tsayar da shi in ruwa ya ƙare a rijiya, da wadda ke kashe shi in tanki ya cika. Sandar ƙarfe da aka kafa a ƙasa saboda tsawa, domin fili ne a bakin ruwa. Faranti ya fuskanci kudu, a karkace shi digiri 10 zuwa 15, a riƙa goge shi da sassafe lokacin hazo. Waya mai kauri, kuma gajera gwargwadon hali, domin wutar sola mai ƙarancin bolt tana zubewa a doguwar waya. A nan akwai ja-in-ja na gaske: wuta tana son faranti kusa da famfo, tsaro yana son shi kusa da gida. In gidan na hutu ne da ake barinsa makonni, tsaro ya kamata ya yi rinjaye, a biya kuɗin waya mai kauri, a walda farantin a kan dogon ƙarfe.

Bututu kuma a binne shi kamu biyu a ƙasa. Da rani bakin tafki mashaya ce, garken shanu za su bi ta kansa safe da yamma, kuma sun riga gidan zuwa wurin. Ina ganin ya dace duk wanda Allah ya hore wa wannan ruwa ya fitar da kan famfo ɗaya waje, da ɗan kwami, ya sa shi cikin lissafin litocinsa tun farko. Lada ce, kuma maƙwabtan da ke sha daga wurin su ne za su fi kowa sa ido a kan kayan in mai gida ba ya nan.

A kasuwa za a tarar da na Grundfos da na Lorentz na Jamus, masu tsada da daɗewa, da na Shakti na Indiya, da tarin na Sin masu sunaye barkatai, wasu nagari wasu ba haka ba. Ba na cewa dole sai mai tsada. Abin da zan tsaya a kai shi ne a nemi takardar da ke nuna lita nawa famfon yake bayarwa a kowane hawa. Lambobi biyun da ake bugawa da manyan baƙaƙe a jikin kwali, iyakar hawa da iyakar ruwa, ba sa haɗuwa a lokaci ɗaya: a iyakar hawa ruwa ba ya fita, iyakar ruwa kuma sai in babu hawa. Mai gida ya nemi layin mita 20, ko nawa ne nasa, ya ga abin da ke gabansa. Ya tambayi ko ana samun robar ciki da akwatin daidaita gudu a sayar daban, da kuma wanda zai gyara a garin da ya fi kusa. In mai shago ya ce, "Alhaji, wannan ai ba ya lalacewa," to ba a kawo kayan gyaransa ba ke nan.

Da mai haɗawa kuma a yi yarjejeniya tun kafin ya fara, cewa cikon kuɗinsa sai an gwada. Gwajin jarka ne da agogo, a bakin tanki can sama inda ruwan zai riƙa zuba, sau uku a yini: da hantsi, da azahar, da la'asar. A rubuta mintocin a ajiye. In bayan wata shida jarkar da ke cika a minti uku ta koma biyar, a fara duba ƙurar faranti, sannan ragar bakin famfo, sannan zurfin ruwan rijiya, kafin a kira kowa ya ciro sumo.